Injin yankan ciyawa na hawa, na hannu, don fili mai gangara: me za a duba?

Malam, ka ce ka sayi gida a wajen Fitsbag a Amurka, bayan gidan gangara ne, kana son injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa amma na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, kana tambaya ko mai ƙarfin doki 24 zai isa. Ka ajiye maganar doki tukuna. A kan tudu ba inji ne ke fara mutuwa ba, giyabos ne.

Amma fara auna gangarar. Samu katako mai tsawon ƙafa 10, ɗora baki ɗaya a ƙasa ta sama, ɗaga ɗayan har ya daidaita, sai ka auna daga bakinsa zuwa ƙasa. In ya kai ƙafa 2 da rabi, ka kusa digiri 15, kuma nan ce iyakar da yawancin kamfanoni ke rubutawa a littafin injin, wasu ma ƙasa da haka. Inda ya wuce nan kada ka hau da komai, ka bi shi da na turawa. Injin nan in ya kife, a kan mai shi yake faɗawa.

Irin masu sanda biyu maimakon sitiyari, waɗanda ke juyawa a wuri guda, ban ba ka shawararsu ba. Tayoyinsu na gaba sakakku ne, juyawa da tsayawa duk a kan na baya suke. Da na baya sun yi santsi, ba juyi ba birki.

To, giyabos. Yawancin masu araha suna ɗauke da Tuff Torq K46, mai aiki da matsin mai. A fili shimfiɗaɗɗe yana shekaru, amma hawan tudu yana dafa mansa, man ya tsinke, famfon ciki ya cinye, ƙarfi ya tafi. Kuma a rufe yake zuwa, canja mai sai an sauke shi. Nemi K66 ko K72, kamar wanda ke jerin John Deere X500 ko Husqvarna TS 354XD. Waɗannan suna da makullin da ke haɗa tayoyin baya su juya tare, don kada ɗaya ta tsaya ɗaya na ta wulwulawa a banza. In ba ka ga lambar giyabos ba, dubi tayar baya: mai noti huɗu ko biyar kamar ta mota alamar babban giyabos ce, wadda aka zura a aksil kawai kuwa ta ƙarami ce. Tsohon babba ya fi ƙarami mai sabon fenti.

Gwajin da ke tona asiri shi ne na zafi. Gajiyayyen giyabos yana tafiya lafiya lau da sanyi. Ka yi aiki da shi minti 20 zuwa 30, sannan ka fuskanci tudu. In ya fara kuka yana ja da ƙyar, leƙa ƙasa: bel ɗin da ya saki ko fankar roba ta saman giyabos da ta karye gyara ne mai sauƙi. In su lafiya suke, giyabos ɗin ne ya gaji, kada ka saya, don kuɗin sabon giyabos kan kusa kuɗin injin duka. Mai sayarwar da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama.

Injin kuwa ka zaɓi mai silinda biyu da filtar baƙin mai, irin Kawasaki. Filta alama ce cewa akwai famfon mai. Ƙananan da ke watsa mai da cokali kawai, in suka daɗe a karkace wani ɓangaren na rasa mai. Ka ce a bar shi da sanyi har ka zo, ka ga tashinsa da launin hayaƙinsa. Shuɗi na nufin yana shan baƙin mai. In yana tashi yana sauka shi kaɗai, galibi fetur ne ya kwana a kafireta tun hunturu.

Tsaya a tsakiyar gangara ka sa birki ka ga ko zai riƙe. Sannan a wuri mai daidai, wuƙaƙe na juyawa, ɗaga jikinka daga kujera: dole su tsaya. Mutane da yawa suna cire wayar ƙarƙashin kujera da ke tsayar da su, ka mayar da ita kafin ka fara aiki. Kashe injin, girgiza kowace wuƙa da hannu, in tana motsi boris ya tafi. Faɗin kaskon yanka inci 42 zuwa 48 ya isa, wanda ya fi haka yana aske ƙasa a kan ƙusumbi.

In ka saya, sa tayoyin baya masu manyan haƙora da nauyin da ake ɗaura musu, iska kamar PSI 10 a baya, 14 a gaba, ko yadda littafin ya ce. Ka riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama da dawowa, ba a gicciye ba, ka juya a inda ƙasa ta daidaita. Jira raɓa ta bushe, kuma cire buhun tara ciyawa na baya, don in ya cika yana ɗaga gaban injin wajen hawa.