Amsa ga Alhaji kan ganyen da ke yaushi da rana

Salamu alaikum jama'ar garka, ina wuninku, ina gajiya. Alhaji, na saurari muryarka. Ka ce tumatirinka da kabewa suna yaushi da azahar alhali ka ba su ruwa da safe, kana tambaya ko ka ƙara ban-ruwa. To dakata tukuna, Allah shi ja kwana.

Ka ga ganyen nan, yana da ƙananan ƙofofi birjik, galibi a bayansa, ido ba ya ganinsu. Ta nan tsiro ke shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa ke ficewa kamar tururi. Ruwan da saiwa ta ja, fiye da kashi 90 cikin 100 haka yake tafiya sama. Kowace ƙofa tana da 'yan gadi biyu kamar leɓɓa. In sun ƙoshi da ruwa su buɗe, in rana ta take saiwa ta kasa kawo abin da ke fita, sai su saki jiki ƙofar ta rufe, ganye ya sunkuya. Kabewa ce ta fi yi, saboda faɗin ganyenta.

Ko hatsi a gona ai kun sha gani, in ruwa ya ɗauke kwana goma sai ganyen ya nannaɗe, yana rage wurin da rana ke duka. Tumfafiya kuma, shafa ganyenta ka ji wani farin abu kamar kakin zuma, shi ke toshe ruwa. Albasarmu ta Galmi ma tana da shi. Kuka ta zubar da ganyen gaba ɗaya da rani ta huta. Gawo kuwa ɗan tawaye ne, shi da rani yake kore, don saiwarsa ta yi nisa ƙasa. Ah to, na yi nisa ni ma.

Abin da za ka yi Alhaji: leƙa garkar bayan magariba ko da asuba. In ganye ya miƙe, lafiya lau suke. In bai miƙe ba, tura yatsa cikin ƙasa. Ka ji ta bushe, ba su ruwa. Ka ji ta jiƙe sharkaf ga ganye a kwance, to saiwa ce ke ruɓewa, ƙarin ruwa kashe su zai yi.

Ni abin da na fi zargi ma iska ce. Busasshiyar iskar hunturun nan ta jihar Tawa tana kwashe damshin bakin ganye nan take. Dalilin ke nan aka jera itatuwan bedi a kwarin Majiya wajen Buza tun 1975. Ka yi darnin kara ta gabas, ka shimfiɗa ciyawa a gindinsu, dashe kuma sai da marece. In ka duba da asuba, ɗauko mana hoto ka turo.