Amsa: Shin karma ita ce alhaki?

Malam, ka tambaya ko laifi ne mutum ya ɗauki karma ta zame masa tafarkin rayuwa, tunda mu ma muna cewa alhaki kwikwiyo ne. Sun yi kama, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Kalmar karma daga harshen Sanskirit na Indiya ta fito, ma'anarta aiki. A addinin Hindu da na Buda tana tafiya ne da imanin cewa in mutum ya mutu za a sake haifo shi, ya girbi abin da ya shuka a rayuwar baya. Wannan fa shi ne ginshiƙinta, ba abin da yaran Facebook ke rubutawa in budurwa ta yaudare su ba.

Mu a wurinmu Allah ke sakayya, kuma bai ce lallai sai a duniya ba. Ayoyi 7 da 8 na Suratul Zalzala sun ambaci ƙwayar zarra, amma zancen ranar hisabi ake.

Akwai wani mai hatsi a babbar kasuwar Sakkwato da ya taɓa auna mini gero da kwanon da aka bubbuge gindinsa. Na kai gida, uwargida ta sake aunawa, tiya goma ta koma tara. Shekara shida ke nan, mutumen sai ƙiba yake yi, har ya ƙara rumfa. Da karma nake jira, wallahi da hawan jini ya kama ni. Na bar shi da Allah, na koma saye wajen wani tsoho daga Bodinga.