Muryar Yaya Babba a guruf ɗin gida, kan shirin da Auta za ta kalla a jego

Assalamu alaikum mutanen gida, an wuni lafiya. Auta na ji saƙonki tun da azahar, hidima ce ta riƙe ni sai yanzu da yara suka kwanta na samu kaina. Ya jego, ya ruwan zafi, ya ɗan baba, Allah ya raya mana shi. Kin ce zaman arba'in ɗin nan ya fara yi miki tsawo, a faɗa miki shiri mai dogon zango wanda ko Hajiya ta shigo ɗaki ba sai kin kife waya ba, kuma datarki ba yawa.

Toh ni dai in za ki ji tawa, ki fara da Kwana Casa'in, kuma don Allah daga zango na ɗaya, kar ki shiga ta tsakiya don kin ga mutane suna saka guntaye a sitatus. Na Arewa24 ne, a 2019 aka fara shi, Salisu T. Balarabe ne ya ba da umarni. Labarin wata jiha ce da suka ƙirƙira sunanta Alfawa, ana gab da zaɓe, gwamna Bawa Maikaɗa yana neman ya zarce ko ta halin ƙaƙa, Sani Mu'azu ne ya fito a gwamnan kuma wallahi in yana magana sai ki rantse kin taɓa jin wannan muryar a rediyo lokacin kamfen. Ga Malam Adamu a ɗaya ɓangaren, Ado Ahmad Gidan Dabino marubucin nan shi ya hau rawar, mutum mai gaskiya da ya faɗo cikin siyasa, sai ɗan jarida Sahabi da ya ƙi yin shiru. Abin da ya sa nake fifita shi a kan sauran, kin ga yawancin finafinanmu mugu mugu ne tun daga hularsa har takalmi, na kirki kuma kamar ba ɗan Adam ba, amma a nan za ki ga mai gaskiya ya shiga tsaka mai wuya, iyalinsa suna matsa masa, na kusa da shi suna cin amanarsa yana kallo, kuma za ki ga yadda ake sayen talaka da abin da bai kai ya kawo ba, yadda ake ɗaukar yaran unguwa a ba su ƙwaya su yi sara-suka, yadda asibitin gwamnati yake in ba ki da kowa. Akwai daren da na kashe talabijin na kasa barci saboda na tuna lokacin da muka kai wata maƙwabciyarmu haihuwa wani asibiti muka kwana a baranda ba wanda ya dube ta sai da asuba, Allah dai ya yi da sauran kwananta. Shi ya sa nake cewa wannan shirin ba don kashe lokaci kawai aka yi shi ba.

Wanda za ku zauna da Hajiya kuwa Daɗin Kowa ne, ai kin san ta da Kamaye da Adama, in suna rigimarsu har hawaye take yi don dariya. Ya girmi Kwana Casa'in, tun farkon buɗe tashar ake yinsa, har ya ci kyautar AMVCA, wato gasar finafinan Afirka ta tashar Africa Magic, a 2016. Shi ba ya gudu, rayuwar gari ce kawai, mai shayi, dillaliya, malamin tsangaya da almajiransa, Kirista da Musulmi maƙwabtan juna, kuma sun taɓo maganar yaran da ake ruɗa su shiga ta'addanci a lokacin da mutane ke tsoron furta ta. Ko kin tsallake sati biyu kina dawowa za ki gane inda ake, wannan ya dace da mai jego da barci ke sacewa.

Labarina na Aminu Saira, eh ki kalla, hoto da sauti ba a magana, a 2020 ya fara kuma shi ne ya sa mutane da yawa suka yarda Kannywood za ta iya shiri mai dogon zango da kyau. Labarin farko na Sumayya da Mahmud da Presido, ga Baba Ɗan Audu wanda Rabi'u Rikadawa ya yi, uban da zai ba ki haushi har ki ji kamar ki shiga cikin wayar. Sai dai ki sani Nafisa Abdullahi ta bar shirin a hanya, kuma ni gaskiya daga nan zuciyata ta ɗan yi sanyi, na saba da fuska ɗaya a Sumayya. Daga baya suka ɗauko sabon labari na Mainasara wanda Sadiq Sani Sadiq ya yi, mai kuɗin da ya ɓoye arzikinsa yana neman wadda za ta so shi don Allah, shi ma ya yi kyau, za ki iya farawa daga nan ba abin da za ki rasa.

Izzar So yana YouTube a Bakori TV, Lawan Ahmad ne Umar Hashim, akwai tarbiyya a ciki sosai, Allah ya ji ƙan Nura Mustapha Waye da ya fara ba da umarninsa. Yana da tsawo ƙwarai, arba'in ɗinki ba za ta ishe shi ba. In kuma dariya kike so Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, amma ki bari jikinki ya ƙara ƙwari tukun.

Na ga Yaya Ƙarami ya rubuta Ertugrul da manyan baƙaƙe. Yaya ban ƙi taka ba, shiri ne mai kyau, tashar TRT ta Turkiyya ta yi shi daga 2014 zuwa 2019, zango 5, kashi 150, kowane kashi wajen awa biyu, labarin mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Shehu Ɗan Fodiyo ba, don na ji yara suna haɗa su. Amma abu biyu, na ɗaya akwai sara da jini da yawa, mai ɗanyen jego da ke tashi ƙarfe biyun dare ba ta buƙatar wannan a idonta, na biyu kuma a daina ɗaukarsa kamar littafin tarihi, abin da tarihi ya ajiye a kan mutumin kaɗan ne, yawanci marubuta ne suka cike. Ki ajiye shi sai kin koma ɗakinki ku kalla da maigidan.

Maganar data kuma, ki shiga saitin YouTube ki rage ingancin hoton zuwa 240 ko 360, a waya ba za ki ga wani bambanci sosai ba, ki sayi ta dare tunda dama ɗan baba ba ya barin ki barci, ki sauke kashi uku huɗu ki kalla da rana. Na san za a ce a aika yaro wajen masu turawa a waya, ya fi arha, amma in da hali ki kalla a tashar masu shirin, da wannan kallon ne suke samun abin biyan ma'aikata su ci gaba. Kuma ki sa abin kunne ɗaya kawai ki bar ɗayan saboda kukan yaro.

Ranar Asabar insha Allah zan shigo da yaji da kayan kunun kanwa, zan duba dish ɗin falon Hajiya in ga ko Arewa24 tana kamawa, in tana yi ma kin huta da sayen data. Ki gaishe min da Hajiya, ki shafa min kan ɗan baba, sai da safe.