Tambaya da Amsa: Zan iya tsayawa takarar hukumar makarantu a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin wani ƙaramin gari ne a gefen birnin Columbus, jihar Ohio ta Amurka, kuma na samu takardar zama ɗan ƙasa. 'Ya'yana suna karatu a makarantun gwamnati, kuma wasu iyaye 'yan uwana Musulmi suna matsa mini in tsaya takarar kujera a hukumar makarantun gundumarmu, babban burinsu shi ne a riƙa ba yara hutu a ranakun Sallah. 'Yan uwana na gida Najeriya ma sun ce za su aiko da gudummawar kuɗi. Don Allah mene ne ainihin aikin wannan kujera, kuma ta yaya ake yaƙin neman zaɓenta?

Daga wani mai karatu, Ohio, Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da maganar gudummawar 'yan uwa, domin ita ce za ta iya jefa ka cikin matsala tun kafin a buga sunanka a takardar ƙuri'a. Dokar tarayya ta Amurka ta haramta wa ɗan takara karɓar kuɗi daga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin, kuma haramcin ya shafi kowane irin zaɓe, har na ƙaramar kujera irin wannan. Jihar Ohio ma ta ƙara tsananta tata dokar a 2024, ta yadda ta shafi masu katin zaman su ma. Saboda haka ka gode wa 'yan uwa, ka roƙe su addu'a, amma kada ko dala ɗaya tasu ta shiga asusun takararka. Haka kuma ka ja kunnen magoya bayanka cewa wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya yi rajistar zaɓe don ƙaunarka, domin hakan laifi ne da ke iya kai mutum ga kora daga ƙasar.

Game da kujerar kanta, masu karatunmu na gida za su yi mamakin jin ana yaƙin neman zaɓe a kanta, tunda a Najeriya gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kwamitocin iyaye da ke makarantu kuwa ba su ke riƙe da albashin malamai ba. A Amurka tsarin mulki bai ba gwamnatin tarayya ragamar ilimi ba, jihohi ne ke da ita, su kuma suka miƙa tafiyar da makarantu ga gundumomi kimanin 13,000, waɗanda mafi yawansu mazauna yankin ne ke zaɓar masu jagorantarsu. Kason da gwamnatin tarayya ke bayarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin makarantu ba, sauran kuwa daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye. Wannan harajin shi ne dalilin da ya sa tsohon da 'ya'yansa suka gama makaranta tun shekaru ashirin da suka wuce yake fitowa ya jefa ƙuri'a, alhali matashin da yake da yara uku a aji yana wurin aiki.

Aikin hukumar a taƙaice shi ne ɗaukar babban daraktan makarantun gunduma da sallamarsa idan ya gaza, amincewa da kasafin kuɗi, kulla yarjejeniya da ƙungiyar malamai, tsara ranakun karatu da na hutu, da yanke shawarar gina makaranta ko rufe ta. A Ohio wa'adin kujerar shekara huɗu ne, ana yin zaɓen a watan Nuwamba na shekarun da ba sa rabuwa biyu, kuma ba a rubuta jam'iyyar kowa a gaban sunansa. Ba kujerar samun kuɗi ba ce, domin alawus ɗin da doka ta yarda a biya bai wuce dala 125 a kowane zama ba. Wani abu da sababbin 'yan takara ba su cika lura da shi ba shi ne, mamba ɗaya ba shi da ikon komai shi kaɗai. Ba zai iya shiga makaranta ya ba shugabanta umarni ba, sai abin da rinjayen mambobi suka amince da shi a zaman da doka ta ce a yi shi a bainar jama'a.

Wannan ne ya kawo mu ga batun hutun Sallah. Buƙata ce mai kyau, kuma an cim mata a wasu wurare. Birnin New York ya sanya ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantu a 2015, sai dai a can magajin gari ne ke riƙe da makarantu tun 2002, don haka shi aka shawo kai. A gundumar Montgomery ta jihar Maryland kuwa, da iyaye Musulmi suka matsa, hukumar ta fara ne a 2014 da share sunayen dukkan bukukuwan addini daga kalandar makarantu, sai a shekarar da ta biyo baya ta amince a rufe wa ɗalibai azuzuwa a ranar da ake sa ran Babbar Sallah ta 2016. Hujjar da hukumomi suka fi saurara ita ce yawan ɗalibai da malaman da ba sa zuwa a ranar, domin tsarin mulki bai yarda makarantar gwamnati ta fifita wani addini ba.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, idan hutun Sallah kaɗai ne guzurinka, kada ka tsaya. Ƙuri'un Musulmin garinku da wuya su isa, kuma ko ka ci, za ka shafe shekara huɗu kana zama a kan batun motocin ɗaukar yara, da gyaran rufin azuzuwa, da yaran da ke da buƙata ta musamman. A watan Agustan 2022 malaman birnin Columbus sun tafi yajin aiki, karo na farko tun 1975, kuma cikin manyan koke-kokensu akwai azuzuwan da ba su da na'urar sanyaya ɗaki da cunkoson ɗalibai. Irin waɗannan su ne abubuwan da maƙwabcinka zai tambaye ka a bakin ƙofarsa. Marigayi Hussein Samatar, wanda ya shiga hukumar makarantun Minneapolis a zaɓen 2010, ya kuma zama ɗan asalin Somaliya na farko da aka zaɓa a wani muƙami a jihar Minnesota, ya yi fice ne a kan batun yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne, matsalar da ta haɗa Basomale da mutumin Meziko da ma Bahaushe.

Idan ka yanke shawarar tsayawa, to ka fara da ofishin zaɓe na yankinku. Can za a ba ka takardar da masu rajista a gundumar za su sa wa hannu, kuma adadin da ake nema ya danganta da girman gundumar, daga 25 a ƙananan wurare har zuwa 300 a manyan birane. A mafi yawan gundumomin Ohio ana mayar da takardar kwana 90 kafin zaɓe. Ka tara sa hannu fiye da yadda aka nema, domin ana soke na wanda adireshinsa bai dace da rajistarsa ba. Kafin ka karɓi kuɗi ko ka kashe, sai ka sanar da ofishin wanda zai zama ma'ajin takararka. Sannan ka yi hattara da sa limami ya tallata ka a kan mumbari, saboda dokar haraji ta 1954 ta taƙaita wa ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji goyon bayan 'yan takara, kuma bai kamata ka jawo wa masallaci rigima ba.

Yaƙin neman zaɓen kansa da ƙafa ake yin sa. A manyan birane kamar Los Angeles ana zubar da miliyoyin daloli, saboda ƙungiyar malamai da masu goyon bayan makarantun da gwamnati ke ba kuɗi amma suke cin gashin kansu suna kokawa a kan kujerun, amma a gari irin naku 'yan ɗaruruwan ƙuri'u kan raba gardama, tunda mutane kaɗan ne ke fitowa a shekarar da ba a zaɓen shugaban ƙasa. Ofishin zaɓe yana bayar da jerin waɗanda suka saba fitowa a irin wannan zaɓe, kuma ƙofofinsu ya kamata ka fara ƙwanƙwasawa, kafin allunan da ake kafawa a gaban gidaje da shafin Facebook. A 2021 zaman waɗannan hukumomi ya yi zafi a kan takunkumin korona, tun daga lokacin kuma ake ta taƙaddama a kan littattafan ɗakin karatu da darussan jinsi, don haka ka shirya amsarka a kan su tun yanzu, domin masu goyon baya da masu adawa duka za su so su ja ka. Kafin ka karɓi takardar takara, ka halarci zaman hukumar na wasu watanni, ka karanta kasafin kuɗin bana, kuma ka nemi ganawa da ma'ajin gundumar ya yi maka bayanin lokacin da za su sake neman ƙarin haraji daga jama'a.