Ku Tambaya Mu Amsa: Gwanayen Busa Ƙaho a Kiɗan Jaz

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tarin faya-fayan garmaho na kiɗan jaz, ina kuma so in san da wanne zan fara saurare. Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Shawarata ita ce ka fara da Louis Armstrong, wanda aka haifa a New Orleans ta Amurka a 1901, domin shi ne ya fito da matsayin mai busa shi kaɗai a gaban sauran makaɗa. Idan akwai "West End Blues" na 1928 a cikin tarin, ka kasa kunne ga farkonsa, inda ƙahon ke tashi ba ganga ba rakiya, ya hau sama ya gangaro kafin kowa ya shigo. Armstrong ya ziyarci Najeriya a 1960, shekarar da muka sami 'yancin kai.

Dizzy Gillespie kuwa gwanin sauri ne, kumatunsa na kumbura kamar na mai algaita, bakin ƙahonsa a karkace yana kallon sama.

Amma ni a ganina, Miles Davis ya fi su ratsa zuciya, saboda ba ya cika busa, yana barin shiru ya yi aikinsa. Faifansa "Kind of Blue" na 1959 shi ya dace da dare lokacin sanyin Jos. Kafin ka ɗora shi, ka goge ƙurar da kyalle mai laushi, ka kuma duba allurar, don tsohuwar allura tana cinye faifai.