Tambaya da Amsa: Amfilifaya mai kwalba ta wat 4 zata ishi falona kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni mai son sauraron sauti ne a gida, waƙoƙin da da kuma karatun Alƙur'ani, na daɗe ina jin ana yabon amfilifaya irin ta da mai kwalabe a samanta (ƴan kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) wai sautinta yafi daɗi. Naga wasu masu sauƙin kuɗi a intanet amma an rubuta wat 4, wata wat 8, alhali wadda nake da ita yanzu wat 200 aka rubuta a jikinta. Anya ba asarar kuɗi zanyi ba? Wacce zan saya? Falona ba wani babba bane. Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, lafiya lau alhamdulillah. Kafin ka cire ko sisi, juya sifikarka ka karanta ƴar takardar dake liƙe a bayanta, in babu ka nemi lambarta a intanet. Abu biyu zaka duba, adadin dB da kuma ohm, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar da aka bata. Wannan dB ɗin shine ƙarar da sifika ke bayarwa in aka bata wat 1 kacal kana tsaye mita 1 daga gabanta, kuma duk ninka wat da kayi dB 3 ne kawai ke ƙaruwa. Kenan sifika mai dB 90 in ta samu wat 2 zata bada 93, wat 4 kuma 96, wallahi 96 a ƙaramin falo sai kun ɗaga murya kafin kuji juna. Amma mai dB 84 sai ta sha wat 16 kafin takai nan. Toh kaga ai maganar tana wajen sifika. In taka takai 89 zuwa sama, wat 4 ya isheka. In bata kai ba kar ka takura ƙaramar amfilifaya, da ka murɗa sauti zai fara dakushewa, ganga ta rasa nauyinta, kace kwalba ce bata da kyau. Shi kuwa wat 200 ɗin nan na jikin ƙananan kaya galibi lissafin talla ne.

Wacce zaka saya, ni dai mai kwalba samfurin EL84 nake nuna wa duk mai farawa. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a 1953, tayi aiki a rediyoyin gida na wancan zamanin, a Amurka 6BQ5 ake ce mata, ta Rasha kuma 6P14P, har yau ana ƙerata, misali JJ a ƙasar Sulobakiya, shi yasa bata da tsada kuma samunta baya wuya. In kwalba ɗaya ce a kowane ɓangare, na sifikar hagu da na dama, zaka samu wat 3 zuwa 5, in bibbiyu ne suna aikin tura-ja, wato suna raba aikin ɗaya na turawa ɗaya na ja, wajen wat 10 zuwa 15, wannan ta biyun ita tafi dacewa da sifika mai dB 87 ko 88. Zaka ji ana ta zuzuta wata kwalbar mai suna 300B, eh tana da daɗi sosai, wat 8 take bayarwa, amma kuɗin kwalabenta biyu kaɗai na iya sayen amfilifayar EL84 sukutum, barta sai gaba. Ka tambayi mai sayarwa ko irin mai daidaita kanta ce in an canza kwalba, don kar kullum sai ka nemi mai gyara da mita, sannan a bayanta a samu wajen ohm 4 da ohm 8 ka haɗa daidai da na sifikarka.

Inda nake jin takaici shine waɗannan ƴan ƙananan akwatunan masu kwalba biyu ƴan mitsi-mitsi da fitila mai launi a ƙarƙashi, a rubuta wat 50 ko 100 kuma araha kamar banza. Ba kwalbar ke tura sifika ba, wani ɗan guntun IC ne a ciki, kwalbar sauti kawai ke ratsawa ta cikinta. Ba wai basa aiki bane, amma ba abinda kake nema bane. Ɗagata kaji, ta gaskiya tana da nauyi saboda taransifoma uku, ɗaya ta wuta biyu na sauti, kuma ingancin waɗannan biyun shine rabin daɗin sautin. In ka ɗauketa da yatsu biyu toh mayar wa mai sayarwa.

Sai maganar wuta, don Allah ka kula. Tamu 230 ce, kayan Amurka 120, na Japan 100, in kwatano ka samo ka karanta bayanta kafin ka jona. Ka saka mata stabilaiza don wutar da ta haura tana cinye kwalba da wuri. Kar ka taɓa kunnata ba tare da sifika a haɗe ba, taransifomar sauti na iya ƙonewa. Kar kuma ka buɗe cikinta, akwai wuta sama da bolt 250 kuma tana iya zama a ciki ko bayan an zare soket. Kwalaben suna zafi sosai, ka ajiyeta a sarari inda yara baza su kai hannu ba, musamman da zafin bazara, lokacin hunturu kuma in ta huce ka rufeta da ƙyalle saboda ƙura.

TAMBAYA: Malam ni sola nake amfani da ita, irin wannan amfilifayar zata yi da inbata? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Zata yi Hajiya, amma da sharaɗi. Inbatar ta zama mai tsaftatacciyar wuta irin wadda ake jona firji da ita, masu arahar nan suna sa taransifoma gurnani da zafi kuma zaki ji ƙugin a sifika. Sannan ki sani in dai tana kunne ko ba'a saka sauti ba tana jan wutarta, ƙarama ma takan ci wat 50 zuwa 70, in batirinki ɗaya ne ki riƙa kasheta da kin gama saurare.