Amsa ga 'yar'uwar da ke neman lauya bayan haɗarin maigidanta

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce motar wani kamfani ce ta buge shi yana kan babur, cinya ta karye, kamfanin ya biya kuɗin aikin farko ya daina ɗaga waya, sannan wani ya same ku a asibiti wai yana da lauyan da zai karɓo muku miliyoyi. Ni ba lauya ba ne, amma na yi kusan shekara biyu ina wannan zarya a kan ƙanena da tirela ta buge a hanyar Zariya.

Wanda ya biyo ku asibiti ki fara ajiye shi gefe. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta hana farautar masu ƙara, ko da kansu ko ta hannun 'yan kamasho. Mu ma ta haka muka faɗa hannun lauyanmu na farko. Muka ba shi kuɗin shigar da ƙara, wata shida babu ko takarda ɗaya a kotu. Ba na bogi ba ne, aikinsa dai rikicin fili ne da beli, bai taɓa bin diyyar rauni ba. Na bogi kuwa gane shi ba wuya: duk lauyan gaske yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wato NBA, mai ɗauke da sunansa, wanda ake sabuntawa duk shekara. A je ofishin NBA na garinku a tambaya.

Na biyun ne ya nuna mini yadda masani yake. Bai ambaci ko naira ɗaya ba a zaman farko, tambayoyi ya dinga jero mini har na fara jin haushi. Sunan wa ke kan takardun motar? Direban yana bakin aiki ne lokacin? Wane kamfanin inshora? Ina rahoton 'yan sandan MTD, masu kula da haɗarin mota, da zanen wurin haɗarin? Wa ya gani da idonsa? Ina rasit? A nan ne gumi ya karyo mini. Duk kuɗin da ka ce ka kashe, sai ka tabbatar wa kotu da shi da takarda. Mu kuwa mun cire yaron daga asibiti mun kai shi wajen mai ɗori, kin san halinmu, kuma mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoton likita. Abin da muka kashe a can ya bi ruwa, har lauyan kamfani ya samu bakin cewa mu muka ƙara lalata ƙafar. Don haka ko allura aka saya a adana takardar, hotunan ƙashi a haɗa su a jaka ɗaya, a kuma rubuta abin da maigida yake samu a rana kafin ya kwanta, domin shi ma ana nemansa.

Lauyan da bai yi miki maganar inshora ba, bai san hanyar ba. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar dole ta ƙaramar mota naira 15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, amma wannan iyakar ba ta shafi rauni ko mutuwa ba. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa. Ana duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na intanet, wato NIID, a ga ko inshorar ta gaske ce. Idan kuma maigida yana kan aikin wani kamfani ne lokacin, akwai hanyar NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ƙarƙashin dokar 2010. Ga masu karantawa: in motar gwamnati ce, akwai dokar da ke iya rufe ƙofar ƙara cikin wata uku kacal.

Batun kuɗin lauya a rubuta, a sa hannu. Ya halatta ya karɓi kaso daga abin da aka samu, amma a fayyace: kashi nawa, kafin a cire ɗawainiya ko bayan an cire, kuma wa zai biya kuɗin kotu. In babu hali, hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya, wato Legal Aid Council, tana karɓar ƙarar haɗari ga marasa ƙarfi.

Za a zo da dattawa a ce ƙaddara ce, a yafe. Ƙaddara ce, amma neman haƙƙi ba saɓo ba ne. Mu ma da sulhu muka ƙare, sai dai bayan likita ya faɗi yadda ƙafar za ta zauna. Kafin nan kada maigida ya sa hannu ko ya dangwala a kowace takarda a caji ofis. Gobe da safe ki tura ɗan'uwansa MTD ya ɗauki hoton motar da takardunta kafin a sake ta.